Babi na Bakwai: Kifin Ɗawisu na Tafkin Malawi, Kiwonsa da Hayayyafarsa a Gida

Kifin ɗawisu laƙabi ne da masu kiwon kifin ado suka ba wani rukuni na ƙananan kifaye waɗanda ba a samun su a ko'ina a duniya sai a Tafkin Malawi, kuma sun sami laƙabin ne saboda mazansu kan caɓa ado da launuka masu sheƙi, shuɗi da rawaya da ja da ruwan goro, alhali matansu na nan da launin toka ko na ƙasa, kamar yadda abin yake tsakanin ɗawisu da matarsa. A wurin masana sunan rukunin Aulonocara, kuma yana cikin babban dangin kifayen da ake kira sikilid, dangin da karfasa ta fito daga cikinsa. Mafi yawan masu sayen wannan kifi launinsa ne ke jan su, sai dai launin ba ya tabbata a jikin kifi don kawai an biya kuɗinsa, domin abubuwa uku ne ke riƙe da shi: ingancin ruwan da kifin ke ciki, matsayinsa a tsakanin abokan zamansa, da kuma irin da ya gada. Duk wanda ya fahimci yadda kifin ke rayuwa a tafkinsa na asali zai ga cewa kusan kowace ƙa'ida ta kiwonsa daga can ta samo tushe.

Tafkin da mazaunansa

Tafkin Malawi yana kwance ne a kudancin babban kwarin da ya tsaga gabashin Afirka, kuma ƙasashe uku ne ke kewaye da shi, wato Malawi da Mozambik da Tanzaniya, inda ake kiransa Nyasa. Tsawonsa ya haura kilomita 560, zurfinsa a wuri mafi zurfi ya kai kimanin mita 700, shi ne na uku a faɗi a Afirka bayan Biktoriya da Tanganyika, kuma babu wani tafki a duniya da ya kai shi yawan nau'o'in kifi, domin nau'o'in sikilid kaɗai da ke cikinsa sun haura 700. Saboda wannan arziki ne aka keɓe yankin Cape Maclear da ke kudancin tafkin a matsayin gandun da doka ta kare a shekarar 1980, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya a 1984.

Masunta da masana sun kasa kifayen tafkin gida-gida bisa ga inda suke zama da abin da suke ci. Akwai mbuna, ƙananan kifaye masu zafin rai da ke zaune cikin duwatsu suna kankarar gansakuka. Akwai utaka, masu yawo a sararin ruwa suna cin ƙananan halittun da ke shawagi. Akwai kuma chambo, 'yan uwan karfasa na kusa, waɗanda su ne kifin ci mafi daraja a ƙasar Malawi. Kifin ɗawisu ya zaɓi wurin da duwatsu ke ƙarewa yashi ya fara, daga zurfin 'yan mitoci zuwa kimanin mita 40, inda yake samun kogo ya fake da kuma filin yashi ya yi kiwo. Masanin kifaye ɗan Ingila Charles Tate Regan ne ya fara bayyana rukunin a 1922, kuma zuwa yanzu an tantance nau'o'i fiye da 20, ban da wasu da dama da ake kira da sunan wurin da aka kama su.

Wannan al'ada ta kiran kifi da sunan wuri tana da dalili mai ƙarfi. Yawancin nau'o'in da ke jingine da duwatsu ba sa ƙetare dogon filin yashi ko ruwa mai zurfi, saboda haka kowane tsibiri da kowane tudun duwatsu na ƙarƙashin ruwa yana da nasa kifin da nasa launin. Aulonocara stuartgranti, wanda aka bayyana a 1985 aka kuma sa masa sunan Stuart Grant, mutumin da ya daɗe yana fitar da kifin tafkin zuwa ƙasashen waje daga yankin Salima, a Ngara jikinsa shuɗi ne da jan ciki da wutsiya, a Usisya kuma rawaya ne da shuɗin kai. Aulonocara baenschi, mai launin rawaya mai haske, a tudun Nkhomo kusa da Benga kaɗai aka san shi. Aulonocara jacobfreibergi, wanda aka bayyana a 1974, mazaunin manyan koguna ne, kuma ya fi yawancin sauran faɗa.

Yadda yake farauta

Abin da ya raba Aulonocara da sauran sikilid na tafkin yana kansa ne. Kowane kifi yana da wani layi na ji da ya ratsa gefen jikinsa har zuwa kai, wanda da shi yake gane motsin ruwa, amma a kifin ɗawisu hanyoyin wannan layi da ke cikin ƙasusuwan kai sun yi faɗi ƙwarai, har ana iya ganin ramukansu a ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen fuska idan aka ƙura ido. Mai lura zai ga kifin ya sauko dab da yashi, tazarar da ba ta wuce 'yan santimitoci ba, ya tsaya cak ba ya motsa komai sai fikafikan gefe a hankali, ya ɗan zarce gaba ya sake tsayawa, can sai ya soka baki cikin yashi farat ɗaya, ya ɗebo, ya tauna, ya fesar da yashin ta baki da ta kafofin numfashinsa, ya haɗiye tsutsar ƙwaro ko ɗan jatan landen da ya ji motsinsa. A 2012 Margot Schwalbe da Jacqueline Webb da abokin aikinsu a Jami'ar Rhode Island ta Amurka sun nuna ta hanyar gwaji cewa Aulonocara stuartgranti yana iya kama abincinsa cikin duhu da taimakon wannan layi na ji.

Daga wannan ɗabi'a ake fitar da hukunci biyu. Na farko, shimfiɗar tanki dole ta zama yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana ji wa bakin kifin ciwo, tana hana shi ɗabi'arsa ta tona, kuma tana ɓoye ragowar abinci ya ruɓe a ƙarƙashinta. Na biyu, kifin da ya saba cin abinci a natse ba zai iya gogayya da masu wawaso ba, wanda hakan ke da tasiri wajen zaɓar masa abokan zama.

Tanki da ruwa

Namijin ɗawisu yakan kai santimita 10 zuwa 15, mace kuma ba ta kai shi ba, kuma tun da kifi ne mai kare yankinsa a ƙasan ruwa, tsawon tanki da faɗinsa sun fi tsayinsa muhimmanci. Mafi ƙanƙantar tankin da ya dace da namiji ɗaya da matansa shi ne mai tsawon santimita 120 da ke cin kimanin lita 200, idan kuwa ana son tara maza da yawa sai a nemi mai lita 300 zuwa sama. Ruwan lita 200 kaɗai nauyinsa kilo 200 ne, ban da gilashi da yashi da duwatsu, don haka teburin da za a ɗora shi ya zama mai ƙarfi kuma a daidaice. Ana fara jera duwatsu a kan gindin tankin kafin a zuba yashi, saboda kifin yana tona, kuma dutsen da aka ɗora a kan yashi yana iya zamewa ya fasa gilashi. A tara duwatsun a gefe biyu su ba da koguna da lunguna, su kuma kare wa kifi ganin abokin hamayyarsa, a bar tsakiya fili.

Ruwan Tafkin Malawi garau yake, yana da ɗumi, kuma yana da ɗan kanwa-kanwa. Ana auna tsami ko kanwar ruwa da ma'aunin da ake kira pH, mai lamba daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, abin da ya gaza ta yana da tsami, abin da ya haura ta kuma yana da kanwa; ruwan tafkin yana tsakanin 7.7 da 8.6. Wanda ruwan gidansa ya gaza haka yana iya gauraya yashinsa da niƙaƙƙen murjani ko ɓawon katantanwa, waɗanda ke narkewa sannu a hankali suna ɗaga ma'aunin, ko ya riƙa narkar da hodar bikabonet ta sodiyam, wadda masu yin kek ke amfani da ita, cikin sabon ruwa kafin ya zuba, yana farawa da kaɗan yana aunawa. Ɗorewar ma'aunin a wuri ɗaya ta fi cimma wata lamba ta musamman amfani, domin kifin yana jure 7.8 da ba ta canzawa fiye da ma'aunin da ke hawa da sauka kowane mako. Zafin da ya dace shi ne digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. A ƙasashe masu sanyi ana buƙatar na'urar ɗumama ruwa, a wurare masu zafi irin yankin Sahel kuwa babbar matsalar ita ce bazara, domin idan ruwa ya haura digiri 30 iskar oksijin da ke cikinsa tana raguwa a daidai lokacin da jikin kifi ke ƙara buƙatarta; maganin wannan shi ne nisanta tanki daga rana, da sa fanka ta riƙa busa saman ruwa, da ƙara kumfar iska. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙaramin famfon iska mai aiki da batir yana cikin kayan da ba a fara kiwo sai da su.

Abin da ya fi kashe kifi a sabon tanki ba a ganinsa da ido. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashi da kashi, amoniya kuwa guba ce, kuma dafinta yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ruwa ke da kanwa, wato a irin ruwan da kifin Malawi ke so ta fi haɗari. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson matatar ruwa suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne da ke hana jini ɗaukar oksijin, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce sai idan ya taru. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, saboda haka ana kunna matata a riƙa ba ta ɗan abin da zai ruɓe har sai kayan gwaji sun nuna babu amoniya babu naitirait, sannan a kawo kifi. Soso daga tsohon tanki mai lafiya yana gajarta wannan jira. Bayan haka, kowane mako ana zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan da tiyo, tare da dattin da ya kwanta a kan yashi, a mayar da sabo mai zafi daidai da na tankin, ta yadda naitiret ba zai wuce miligiram 40 a kowace lita ba, in ya tsaya ƙasa da 20 ya fi. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin mai ƙona kafofin numfashin kifi da kashe bakteriyar matata, don haka sai an sa masa maganin da ke karya kulorin, kuma da ruwan da aka zuƙo daga tanki ake ɗauraye soso.

Abinci, zaman tare da launi

Kifin ɗawisu maci ƙananan halittu ne, don haka abincinsa na yau da kullum shi ne ƙananan dunƙulen abincin sikilid masu nutsewa, waɗanda aka yi da garin kifi da jatan lande, a riƙa haɗa masa da daskararren jatan landen ruwan gishiri da ake kira atimiya jefi-jefi. Sau biyu a rana ya isa, gwargwadon abin da zai ƙare cikin minti ɗaya ko biyu, kuma a guji naman dabbobin tudu, domin kitsensu ba ya narkewa da kyau a cikin kifi. Abinci yana da hannu kai tsaye a launi, amma ba a kowane launi ba: ja da rawaya da ruwan goro daga sinadaran karotin suke, waɗanda kifi ba ya iya ƙera su sai dai ya same su a abin da ya ci, shi kuwa shuɗi mai ƙyalli yana fitowa ne daga wasu ƙananan lu'ulu'ai da ke jere cikin ƙwayoyin fata suna mayar da haske, kuma ƙarfinsa ya dogara da lafiyar kifin da halin da yake ciki.

Halin da yake ciki kuwa ya dogara da wanda yake zaune da shi. A kowane tanki namijin da ya fi ƙarfi shi ke fitar da cikakken launi, waɗanda ke ƙarƙashinsa kuma su dusashe, wani har ya koma kamannin mace domin ya tsira daga kora. Wannan ne ya sa masu kiwo suka kasu biyu. Masu son kallo sukan tara maza zalla, ɗaya daga kowane nau'i, suna zaɓar waɗanda ba su yi kama da juna ba, domin namiji ya fi tsanar mai irin launinsa, kuma idan babu mace abin faɗa ya ragu. Masu son hayayyafa kuma sukan ajiye nau'i ɗaya tak, namiji ɗaya da mata uku zuwa biyar, domin idan mace ɗaya ce zai matsa mata da nema har ta galabaita. Haɗa ɗawisu da mbuna masu faɗa kuskure ne da aka sha maimaitawa, domin mbuna za su riga shi abinci, su yayyage masa fikafikai, ya ƙare a lungu ba launi. Abokan zaman da suka dace su ne utaka masu sanyin hali da ƙurungun tafkin, wato Synodontis njassae. Mai son 'ya'ya ya guji ƙurungun Tanganyika mai suna Synodontis multipunctatus, wanda kan kutsa lokacin da sikilid ke zuba ƙwai ya saka nasa, uwar ta kwashe duka a baki, 'ya'yansa su riga ƙyanƙyashewa su cinye nata.

Cutar da aka fi tsoro ita ce kumburin ciki da aka fi sani da kumburin Malawi. Alamarta ta farko ita ce kifi ya ɗauki abinci ya tofar, ya ware kansa, kashinsa ya zama farin zare mai tsawo, numfashinsa ya yi sauri, daga bisani ciki ya kumbura, kuma idan ta kai nan da wuya ya tashi. Ana danganta ta da wasu ƙananan halittu da ke zaune a hanji, waɗanda ke yawaita idan kifi ya takura saboda gurɓataccen ruwa ko tsangwama ko cin da ya wuce kima, kuma ana magance ta da metronidazol idan an farga da wuri. Ruwa ba ya tsami banza, don haka duk lokacin da ta ɓulla sai a binciki ruwa da zaman tankin kafin a dogara da magani. Haka nan duk sabon kifi a ware shi a wani ƙaramin tanki na mako uku zuwa huɗu kafin ya shiga cikin sauran. Kifin da aka kula da shi yakan yi shekara shida zuwa takwas.

Hayayyafa

Kifin ɗawisu yana cikin kifayen da uwa ke renon ƙwai a baki, ɗabi'ar da masuntan ƙasar Hausa suka sani a jikin karfasa. Idan ruwa ya yi kyau, abinci ya wadata, ba a buƙatar wata dabara kafin ya hayayyafa, kuma sau da yawa canjin ruwa ne ke tayar da shi. Namiji yakan share wani ɗan wuri a gindin dutse ko ya tona ɗan rami a yashi, launinsa ya ƙara tsananta, ya kori kowa daga kewayen, idan mace mai ƙwai ta gitta sai ya sha gabanta ya baje fikafikai, ya karkata jiki yana karkarwa, ya juya ya nufi wurin da ya share yana kaɗa wutsiya don ta biyo shi. A can sukan riƙa zagaya juna, ta zuba ƙwai ɗaya ko 'yan kaɗan, ta juyo nan take ta tsince su da baki, sannan ta kai baki kusa da fiffiken ƙasan cikinsa, inda yake sakin maniyyi ya haɗu da ƙwan. A jikin wannan fiffike na mazan sikilid da yawa akwai ɗige-ɗige masu launin rawaya, kuma a 1962 masani ɗan Jamus Wolfgang Wickler ya kawo ra'ayin cewa mace tana ɗaukarsu ƙwai ne ta kai musu baki, ko da yake gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ƙwai yana samun maniyyi ko da an cire ɗigon.

Ana gane mace mai goyon baki da kumburin maƙogwaronta, da yadda take rufe baki tana motsa shi kamar mai tauna, wanda juya ƙwan take yi don ruwa mai iska ya ratsa su, da kuma yadda take zuwa wurin abinci ta duba ta koma ba ta ci ba. Matashiya takan ɗauki ƙwai 10 zuwa 15, babba kuma 30 zuwa 50, kuma ba abin mamaki ba ne ta haɗiye ko ta zubar da goyon farko. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kusan mako guda, amma 'ya'yan suna ci gaba da zama a bakin suna rayuwa da gwaiduwar da ke manne a cikinsu, har zuwa mako uku ko huɗu gwargwadon ɗumin ruwa, sannan ta sake su suna da tsawon kimanin santimita ɗaya.

Idan ta sake su cikin babban tanki, kaɗan ne za su tsira. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar ta mako biyu, sannan a kama ta a natse da dare ko da asuba, lokacin da kifi bai gama wartsakewa ba, a mayar da ita ƙaramin tanki na lita 40 zuwa 60 mai ruwa iri ɗaya da matatar soso da ɗan wurin ɓuya, ta sake su da kanta. Bayan kwana ɗaya ko biyu a raba ta da su, a ciyar da ita ita kaɗai na kusan mako guda ta mayar da jiki kafin ta koma wurin namiji. Hanya ta biyu ita ce tatsa, wato a riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu bayan kwana 18 zuwa 21, a tsoma kanta cikin kwano mai ruwan tankin, a buɗe mata baki a hankali 'ya'yan su fito. Masu kiwo don sayarwa sun fi bin wannan hanya saboda tana gajarta yunwar uwa, amma tana buƙatar gwaninta, domin muƙamuƙin kifin yana da saurin gocewa, kuma idan aka yi gaggawa aka fitar da 'ya'yan da ba su shanye gwaiduwa ba, sai an sa su a wani bututu da kumfar iska ke jujjuya su a madadin bakin uwa.

'Ya'yan suna fara ci nan da nan, kuma abin da ya fi saurin girmar da su shi ne sabbin ƙyanƙyasar atimiya, tare da abincin manya da aka niƙe ya zama gari, sau uku ko huɗu a rana, da canjin ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako. Dukkansu da kamannin uwa suke tashi. Sai sun yi wata huɗu zuwa shida namiji mafi ƙarfi zai fara nuna shuɗi a leɓe da kumatu, idan an cire shi wani ya maye gurbinsa, cikakken launi kuwa yakan ɗauki shekara ko fiye. Saboda haka ƙaramin kifi mai santimita 4 ko 5 da aka gani a kasuwa yana walƙiya da launin babba abin tuhuma ne, musamman idan duk na cikin tankin haka suke, domin wasu masu kiwo suna ba su sinadarin homon na maza don su yi saurin shiga. Launin yakan gushe bayan 'yan makonni, kuma sinadarin yana iya lalata haihuwar kifin.

Amanar iri

Matan nau'o'in Aulonocara sun yi kama da juna har gwanaye ma sukan kasa rarrabe su, kuma a cikin tanki namijin kowane nau'i zai iya barbarar macen kowane nau'i, har da na wasu rukunan, 'ya'yan kuma su haifu. A tafki nisa da zurfin ruwa ne ke raba su, a gida kuwa babu mai raba su sai mai kiwo. Kifayen da ke kasuwa iri uku ne: akwai masu asali, waɗanda aka san nau'insu da wurin da kakanninsu suka fito, akwai waɗanda aka tace daga nau'i ɗaya ta hanyar zaɓen mafi ja ko mafi haske zuriya bayan zuriya, irin Eureka da aka fitar daga jacobfreibergi, akwai kuma ruwa-biyu, irin mai dabbare-dabbare da ake kira OB, wanda aka samar ta hanyar haɗa ɗawisu da mbuna, kuma babu shi a tafkin sam. Kiwon kowannensu ba laifi ba ne, matuƙar an kira shi da sunansa na gaskiya. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka sayar da gauraye da sunan mai asali, domin jinin da ya shiga zuriya ba ya fita, kuma wanda ya saya zai yaɗa shi ga wasu bai sani ba.

Nauyin wannan magana yana bayyana idan aka dubi halin da wasu nau'o'in ke ciki a tafkin. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya Aulonocara baenschi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma kamun da ake yi masa domin kasuwar kifin ado yana cikin manyan dalilai, tun da mazauninsa gaba ɗaya tudun duwatsu ɗaya ne. Kifin da ke hayayyafa cikin sauƙi haka a tanki babu hujjar a ci gaba da kwaso shi daga can, kuma kowane gida da ke riƙe da tsatsonsa ba gauraye yana rage wa tafkin nauyi. Abin da ake bukata daga mai kiwo kaɗan ne: ya sayi maza da mata tare daga wurin wanda ya san asalinsu, ya keɓe wa kowane nau'i tankinsa, ya rubuta suna da wurin asali da ranar haihuwa a jikin kowane tanki, ya riƙa shigo da sabon jini daga wani mai kiwo bayan 'yan zuriyoyi don guje wa nakasar da auren dangi ke jawowa, kada ya raba 'ya'yan da yake shakkar ubansu, kuma kada ya saki kifin da ya gaji da shi a kogi ko dam ko tafki, inda zai iya kai cuta ga kifayen wurin. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma haɗa da ruwa mai tsabta da zaman da ya dace, zai sami launin da ya kawo shi ga wannan kiwo, kuma duk wanda ya karɓi kifi daga hannunsa zai san ainihin abin da ya karɓa.